Gardamar Masu Dafa Giya a Turai da Amurka: Hatsi, Ɗanɗano da Iyakar Suna

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama don ya bayyana ma'anar kalma guda a ƙamus ya san wuyar da ke cikin aikin. Sai a ga jama'a suna amfani da kalma kullum ba da wata shakka ba, amma ran da aka ce a shata iyakarta, a faɗi abin da ta ƙunsa da abin da ta bari a waje, sai masu harshen su rarrabu. Ba safai a ke samun misalin da ya fito da wannan al'amari fili kamar gardamar masu dafa giya na Jamus da Ingila da Amurka ba. Gardama ce wadda ta haura shekara 500, ta shiga fadar sarakuna, ta kai gaban alƙalai, har yanzu kuwa ba ta mutu ba. A zahiri jayayya ce bisa hatsi da ganye da ɗanɗano, amma in aka bi sawunta a hankali sai a tarar kowane reshe nata ya komo ga tambaya ɗaya, watau wane abin sha ne ya cancanci wane suna, wa kuma ke da ikon yankewa.

Hukuncin giya a Musulunci sananne ne, haram ce, ba kuwa shi wannan takarda ta tasar wa ba. Abin nufi shi ne a bayyana yadda gardamar ta gudana, sa'an nan a duba abin da mai nazarin Hausa zai ƙaru da shi daga cikinta, musamman malaman kwalejojin horon malamai, waɗanda aikin fassara da tsara kalmomi ke faɗo musu kowace rana.

1. Kayan haɗi

Giyar Turawa irin ta hatsi da abu huɗu a ke yin ta: ruwa, tsiron sha'ir, furen hof, da yisti. A kan jiƙa sha'ir har ya tsira, a busar da shi, a ɓarza, a zuba cikin ruwan zafi. Tsirar nan ita ke tada waɗansu sinadarai a cikin ƙwayar, su kuwa su ke juyar da garin ya koma sukari. Sai a tace, a tafasa ruwan mai zaƙi tare da furen hof, watau furen wani tsiro mai yaɗo na ƙasashen sanyi, wanda ke ba da ɗaci da ƙamshi, ya kuma hana abin lalacewa da wuri. In ya huce sai a sa yisti, shi ne ke cinye sukarin ya mai da shi abin sa maye da iska. Kowane ɗaya daga cikin huɗun nan an yi rigima a kansa, haka kuma duk abin da wani ya so ya ƙara ya zama na biyar.

2. Dokar Bavariya

Ran 23 ga Afrilu, 1516, a garin Ingolstadt, sarakunan Bavariya biyu 'yan'uwa, Wilhelm na Huɗu da Ludwig na Goma, suka kafa doka cewa kada a sa kome a giya sai sha'ir da hof da ruwa. Jamusawan yau suna kiran wannan doka "Reinheitsgebot", watau umurnin tsabta, suna kuma alfahari da ita ƙwarai. Amma wanda ya duba abin da ta ƙunsa zai ga abubuwa uku da ke rage mata kwarjini.

Na farko, yawancin maganar da ke cikinta ta farashi ce, ta yanka kuɗin da za a sayar da mudun giya lokacin sanyi da lokacin zafi. Masana tarihi da yawa sun tafi bisa cewa an keɓe sha'ir ne don a bar alkama ga masu gasa burodi, kada abinci ya yi tsada, ko da ya ke akwai kuma nufin hana zuba miyagun ganyaye masu juya hankali. Na biyu, ba ta ambaci yisti ba. Sai a ƙarni na 19 ne Louis Pasteur na Faransa ya tabbatar da cewa ƙwayoyin halitta masu rai ne ke yin aikin, a 1883 kuma Emil Christian Hansen ya ware tsantsar irin yisti guda a ɗakin binciken Carlsberg da ke Kopanhegan. Na uku, su masu dokar ba su daɗe ba suka buɗe mata ƙofa: a 1548 aka ba gidan Degenberg izinin dafa giyar alkama, a 1602 kuwa gidan sarautar Bavariya ya karɓe wannan ciniki ya riƙe don kansa, sabo da ribar da ke ciki.

Sunan ma da a ke taƙama da shi sabo ne. A 1918 aka fara jin kalmar "Reinheitsgebot" a majalisar Bavariya, shekara 402 bayan dokar, da kuma shekara 12 bayan an shimfiɗa ƙa'idarta bisa dukan Jamus a 1906. Ga mai nazarin harshe wannan abin lura ne: doka ce ta kasuwa, aka raɗa mata suna mai ɗauke da ma'anar tsarki, sunan kuwa ya sake yadda mutane ke duban ta. Tun da aka ce da ita dokar tsabta, duk giyar da ta saɓa mata ta zama gurɓatacciya a kunnen mai ji, ko da babu abin cutarwa a cikinta. Ba banza ba Hausawa suka ce suna linzami ne.

Rigimar ta kai ƙololuwa da Jamus ta hana a sayar da giyar maƙwabtanta da sunan "Bier" muddin an sa mata shinkafa ko masara. Ran 12 ga Maris, 1987, Kotun Turai ta yanke hukunci cewa wannan hani ya saɓa wa yarjejeniyar ciniki. Hujjar alƙalan ta shafi ma'ana kai tsaye: sun nuna cewa abin da masu saye ke fahimta da kalma ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, yana kuma sakewa da zamani, don haka bai kamata doka ta daskarar da shi ba, ya isa a rubuta kayan haɗin a jikin kwalba. Amma masu dafawa na cikin gida ba su fita daga ƙangin ba. Wani ƙaramin kamfani a Neuzelle, cikin jihar Brandenburg, wanda ke ƙara ɗan sukari a baƙar giyarsa, ya shafe shekaru fiye da 10 yana shari'a kafin babbar kotun harkokin mulki ta yarje masa a 2005 ya kira ta "Bier". Masu goyon bayan dokar na cewa ita ce ta kare Jamusawa daga algus, ta kuma tilasta wa madafa su ƙware tun da ba su da abin ɓoye kuskure. Masu sukarta na cewa ta kashe tsofaffin giyoyin arewacin Jamus masu kayan yaji da 'ya'yan itace, ta kuma ɗaure hannun matasa.

3. Kalma biyu a Ingila

Abin da ya faru a Ingila ya nuna yadda ma'ana ke tafiya ba da izinin kowa ba. Kafin wajen shekara ta 1400, abin shan Ingilishi sunansa "ale", ba a kuwa sa masa hof. Da baƙi daga ƙasashen Holan da Filanda ta Beljiyam suka shigo da mai hof, sai aka kira ta "beer". Kalmomin biyu suka tsaya kishiyoyi, kowace da ƙungiyar masu sana'arta, har a 1483 masu dafa "ale" na London suka kai kuka ga magajin gari a hana sa hof a cikin tasu. Wani likita mai suna Andrew Boorde ya rubuta a 1542 cewa "ale" ce ta dace da jikin Bature ɗan Ingila, ɗayar kuwa ta mutanen Holan ce.

Amma mai hof ta fi jure ajiya da tafiya, ciniki kuwa ya bi ta. Kafin ƙarshen ƙarni na 18 ana sa hof a duka biyun, bambancin da aka yi ta faɗa a kansa ya shuɗe, kalmomin suka rage ba su da tsayayyar iyaka. Daga baya sai aka ba su sabon aiki. Da giyar nan mai haske ta garin Pilsen, wadda Josef Groll ya fara dafawa a 1842, ta mamaye duniya, sai "beer" ta zama uwa mai 'ya'ya biyu: "lager", wadda a ke yi da yisti mai son sanyi a kuma ajiye ta makonni, asalin kalmar ma daga fi'ilin Jamusanci ne mai ma'anar ajiyewa, da "ale", wadda yistinta ke aiki cikin ɗumi. Ashe kalmar da ta fara da ma'anar "marar hof" ita ce yau ke cikin sunan giyar da ta fi kowace yawan hof.

A 1971 waɗansu samari huɗu suka kafa ƙungiyar CAMRA don ƙin giyar manyan kamfanoni, wadda a ke tacewa, a kashe yistinta da zafi, a dura mata iska. Makaminsu mafi kaifi kalma ce: suka ƙago "real ale", watau ta gaskiya, suka ce ita ce wadda ke ci gaba da tsimuwa a cikin gangar da za a ɗebo ta, ba a tura mata iska daga waje ba. Dabarar irin ta Jamusawa ce. Wanda ya riga ya kira tasa ta gaskiya ya bar wa abokin gabansa sunan ta ƙarya.

4. Amurka da kalmar "craft"

A Amurka an hana giya baki ɗaya daga 1920 zuwa 1933. Bayan an ɗage hanin manyan kamfanoni suka yi ta haɗiye ƙanana, har a ƙarshen shekarun 1970 madafan da suka rage ba su kai 100 ba, kusan dukansu kuwa giya iri ɗaya su ke yi, fara, marar ɗaci sosai, mai gaurayen masara ko shinkafa. Juyin ya faro daga Kalifoniya. Fritz Maytag ya sayi tsohon kamfanin Anchor a San Francisco a 1965. Jack McAuliffe ya buɗe New Albion a 1976. Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta halatta dafawa a gida a 1978. Ken Grossman da abokinsa suka fara Sierra Nevada a 1980, da wani sabon irin hof mai suna Cascade, mai ƙamshi kamar na ɓawon lemo. A farkon shekarun 2020 madafan ƙasar sun haura 9,000.

Sunan da ya bi wannan sabuwar giya shi ne "craft", kalmar da ke nufin sana'ar hannu ta gwani, irin ta maƙeri ko baduku. Ƙungiyar masu sana'ar, Brewers Association, ta ɗauki nauyin bayyana ma'anarsa, ta kafa sharaɗi uku: madafa ta zama ƙarama, mai zaman kanta, mai bin gargajiya. Tarihin sharuɗɗan nan darasi ne ga duk mai rubuta ƙamus.

"Ƙarama" da farko tana nufin wadda ba ta wuce ganga miliyan 2 a shekara ba, kowace ganga kimanin lita 117. Da kamfanin Boston Beer, wanda ya fi kowa girma a cikinsu, ya kusa ƙetare wannan iyaka, sai a ƙarshen 2010 aka ɗaga ta zuwa miliyan 6. "Mai bin gargajiya" tana nufin wadda ta dogara ga tsiron sha'ir, ba ta tsinka giyarta da masara ko shinkafa. A 2012 ƙungiyar ta fitar da jerin kamfanonin da ta ce ba su cika sharaɗi ba, a ciki har da August Schell na jihar Minnesota, wanda iyali ɗaya ke riƙe da shi tun 1860. Mutanen Schell suka mai da martani da cewa masara ita ce gargajiyar Amurka: kakanninsu da suka zo daga Jamus sun tarar sha'ir ɗin ƙasar yana sa giya ta yi duhu-duhu da nauyi, sai suka gauraya shi da masara don ta yi garau. Hujjar ta yi ƙarfi, a 2014 aka sassauta sharaɗin, a 2018 aka cire shi ɗungum. Abin da ya rage mai nauyi shi ne zaman kai, watau kada babban kamfanin giya ya mallaki kashi 25 cikin 100 na madafar ko fiye.

A nan ne gardamar ta fi zafi. A 2011 Anheuser-Busch ya sayi Goose Island na Chicago. Ran da aka sa hannu a cinikin tukwanen ba su sake ba, ma'aikata su ne dai na jiya, abin da ke cikin kwalba shi ne na jiya, amma a ma'aunin ƙungiyar madafar ba ta cikin "craft". Wani ɓangare na cewa daidai ne, domin mai saye yana so ya san aljihun da kuɗinsa zai shiga. Ɗaya ɓangaren na cewa kalmar da aka ƙaga don ta siffanta gwaninta ta koma siffanta takardun hannun jari, harshe kuwa ba ya ɗanɗana hannun jari.

5. Aibi ko ado

Reshe na ƙarshe shi ne na ɗanɗano. Abin da wata al'umma ta ɗauka lalacewa ce, wata ta ɗauke shi kamala. Tun zamanin Pasteur da Hansen burin masana shi ne a kori kowace baƙuwar ƙwaya daga tukunya, domin tsami alamar ɓaci ce. Amma a kwarin kogin Senne, kusa da Brussels, masu dafa "lambic" su kan bar ruwan hatsin a buɗe dare guda don ƙwayoyin da ke cikin iska su faɗa, su zuba a gangunan itace shekara 1 zuwa 3, wani lokaci su ƙara 'ya'yan itace. Abin da ke fitowa mai tsami ne ƙwarai, da wani wari da su kansu masu sonsa ke kwatantawa da na bargar doki. Yistin da ke jawo warin sunansa Brettanomyces, watau naman gwarin Birtaniya, domin a giyar Ingila aka gano shi a Carlsberg a 1904. Yawancin madafa suna gudunsa kamar annoba, waɗansu kuwa saye su ke yi su zuba.

Haka kuma wani sinadari mai ƙamshin man shanu: a yawancin giyar "lager" aibi ne da ke nuna an yi gaggawa, amma a ƙasar Cek an yarda da ɗan kaɗan daga cikinsa. Haka batun garau da gurɓi. An yi fiye da ƙarni ana auna gwanintar madafi da yadda haske ke ratsa kofinsa, sai ga wata ƙaramar madafa a jihar Vermont, The Alchemist, ta yi suna da giya mai hazo wadda ba a tace ba. Tsofaffin gwanaye suka ce ƙyuya ce, masu saye suka yi ta layi, a 2018 ƙungiyar ta buɗe wa mai hazo aji na kanta a gasa. Ɗaci ma an yi masa ma'auni na lissafi, an kuwa yi zamanin da madafa ke tseren yawan lamba, sai aka lura lambar ba ta faɗin abin da baki zai ji, domin zaƙin tsiro yana danne ɗaci.

Don a sami bakin zaren irin wannan musu ne wani masani ɗan Denmark, Morten Meilgaard, da abokan aikinsa suka tsara kalmomin ɗanɗanon giya a 1979, suka jera su a da'ira aji-aji, kalmomi fiye da 100, da yawa daga cikinsu an haɗa su da sinadarin da za a ɗiga a kofi don mai koyo ya san abin da a ke nufi. Tsarin ya sa mutum biyu su yarda cewa abu kaza su ke ji. Bai iya sa su yarda cewa abin yana da daɗi ba.

6. Abin da ya shafi Hausa

Gardamar hatsi ta iso Nijeriya ta hanyar tattalin arziki. A 1988 gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir, kamfanonin giyar kwalba suka koma ga dawa da masara, ko da ya ke dawa na bukatar zafi fiye da sha'ir kafin garinta ya narke, tsironta kuma bai kai na sha'ir ƙarfin fitar da sukari ba. Da a Jamus aka dafa irin wannan "lager" da ba ta sami sunan "Bier" ba. Amma dafa dawa ba baƙon abu ba ne a Afirka ta Yamma. Burukutu da Maguzawa da al'ummomin tsakiyar Nijeriya ke yi, da fito na arewacin Gana, da dolo na Burkina Faso, da bilbil na Kamaru da Cadi, duk da tsiron dawa ko gero a ke yin su, galibi mata ne ke dafawa, babu hof, ga tsami ga kauri, ana kuma shan su tun suna tashi. Siffofin da matasan Amurka suka yi ta faɗa kafin a karɓa, watau tsami da hazo da ƙaramar tukunya, su ne ainihin siffofin waɗannan.

Abin lura na farko shi ne inda Hausa ta kafa iyakar kalmarta. Jamusanci ya shata "Bier" da kayan haɗi, Ingilishi ya raba nasa da hof sa'an nan da yisti, Amurkawa suka shata "craft" da mallaka. Kalmar "giya" kuwa da aikin abin a jikin mutum aka shata ta. Ta kwalba giya ce, burukutu giya ce, ta inabi ma giya ce, muddin tana sa maye. Shaidar haka tana cikin adon magana: da a ke cewa giyar mulki ko giyar kuɗi ta ɗebi wane, ba hatsi a ke tunawa ba, gushewar hankali a ke nufi. Shaida ta biyu ita ce kunun zaƙi, wanda a kan sa masa tsiro don ya yi zaƙi, dabara ɗaya da matakin farko na madafan Turai, amma ba mai kiransa giya. Bajamushe na iya cewa "Bier" marar sa maye ba tare da ya ji wani saɓani ba. Bahaushe in ya ji an ce giya marar sa maye sai ya ga maganar ta ci karo da kanta, shi ya sa abin shan tsiro na kwalba irin su Maltina a ke kiransu da sunan kamfani ko a sa su cikin lemo. Mai fassara da ya ɗauka "beer" da "giya" ƙafa ɗaya su ke takawa zai yi kuskure ta fuska biyu: wani wuri tasa ta fi faɗi, wani wuri ta fi ƙunci.

Abin lura na biyu shi ne arzikin Hausa wajen kalmomin ji. A 1955 F. W. Parsons ya nuna cewa akwai wani rukunin sunaye a Hausa masu siffa ɗaya: gaɓa biyu, ta farko mai nauyi, karin sauti sama a gaɓoɓin biyu, ƙarshe da dogon wasalin "i", dukansu kuwa suna nuna abin da gaɓoɓin jiki ke ji. A cikinsu akwai zaƙi, ɗaci, tsami, bauri, garɗi, ƙamshi, wari, ƙauri, ƙarni da zarni. Suna kuma haihuwa ta hanya ɗaya, kamar yadda zaƙi ke ba da zazzaƙa da zaƙaƙa, daɗi ya ba da daddaɗa da daɗaɗa. Kalmomin Meilgaard da yawa sunayen abubuwa ne da aka aro don kwatance, kamar ayaba, kanumfari, man shanu, jiƙaƙƙiyar takarda. Hausa kuwa tana da sunan abin da a ke ji shi kansa. Ɗaurewar baki da Ingilishi ke nemo wa kalma daga Latin, kowane yaron da ya taɓa gatsa ɗanyar kanya ya san sunanta bauri. Warin ƙonewa yana da kalmarsa, ƙauri, daban da na kifi, ƙarni.

Inda a ke kwatance kuwa, tilas a nemo abin kwatancen a gida. Giyar da rana ta buga a cikin kwalba tana yin wani wari da Amurkawa ke jingina wa wata dabbar ƙasarsu mai tusa. Mai bayani da Hausa bodari zai ambata a gane nan take. Batun aibi da ado ma ba ya bukatar dogon sharhi ga wanda ya san tsamin nono da na koko abin so ne, alhali in an ce miya ta yi tsami an san zubarwa za a yi. Kalmar ɗaya ce, abin da harshe ke ji kusan ɗaya ne, hukuncin kuwa yana rataye ga abin da aka saba tsammani a ƙwaryar.

7. Kammalawa

Daga abin da ya gabata mai aikin ƙamus zai iya riƙe abu uku. Ma'anar da hukuma ko ƙungiya ta shata tana biyan bukatar mai shatawa, tana kuma sakewa in bukatar ta sake, kamar yadda miliyan 2 ta koma miliyan 6. Wajibi ne a rubuta ta tare da sunan mai ita da shekararta, kada a gabatar da ita kamar ita ce ma'anar kalmar a bakin jama'a. Kalmomin da ke ɗauke da yabo a cikinsu, irin su tsabta da gaskiya da gargajiya, hukunci ne da ya shigo cikin rigar bayani, mai fassara kuwa ya kamata ya nuna haka ga mai karatu. Sa'an nan kafin a daidaita kalmar Hausa da ta wani harshe, a fara tambaya da me kowace ta shata iyakarta.

Akwai kuma aikin da ke jiran ɗalibai. Ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 sun tattara kalmomin ji da dama, amma yadda masu furar Katsina, da masu kilishin Maraɗi, da matan da ke dama kunu a Zariya ke rarrabe garɗi da galmi, ko tsami da yami, abu ne da sai an zauna da su an ɗanɗana tare, an rubuta kalmar da abin da aka ɗora ta a kai, kamar yadda Meilgaard ya yi da kofunansa. Malamin da ya ba ɗalibansa kalma 10 daga cikin waɗannan, ya ce kowa ya kawo daga garinsu abinci uku da a ke siffantawa da kowace, zai tarar da saɓani tsakanin Sakkwato da Kano da Damagaram wanda ya isa a rubuta wata takardar a kansa.